Gawar da ta koyi gudu: Dawn of the Dead na 1978 da na 2004

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Kudu. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Kuma tun da wuri ina sanarwa, zan fasa ƙwai. Wanda bai kalli finafinan nan ba kuma ba ya son a ba shi labarin ƙarshensu, ya ajiye rubutun sai ya kalla.

Akwai finafinai biyu masu suna ɗaya, Dawn of the Dead. Na asali George Romero ne ya yi shi a 1978, na biyu kuma Zack Snyder ya sake yin sa a 2004. Galibinmu na biyun muka sani. In ka nuna wa mutum na farkon, kafin minti ashirin ya fara dariya, domin fuskokin gawawwakin shuɗi-shuɗi ne, jinin kamar fenti, tafiyarsu kuwa kamar ta wanda aka tasa daga barci. Ni dai ra'ayina shi ne na 2004 ya fi firgitarwa, amma na 1978 ya fi faɗa wa mai kallo gaskiya game da kansa. Kafin a ga dalilina sai mun ɗan koma baya.

Asalin zombi daga Haiti ne, ƙasar da Faransawa suka cika da bayi daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna noma musu rake. Bayin sun yi tawaye a 1791, suka samu 'yanci a 1804, amma tsoron bauta bai bar zukata ba. A camfin mutanen ƙasar, boka yana iya tayar da mamaci, ya raba shi da hayyacinsa, ya sa shi aikin gona ba biya ba hutu. Bawa yana fatan in ya mutu ya huta, ruhinsa ya koma Afirka. Zombi shi ne wanda aka hana shi ko wannan hutun. Ku lura, zombin Haiti ba ya cin naman kowa. Abin tsoron shi ne kai a mayar da kai zombi.

Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a nan labarin ya tsallaka. William Seabrook ya fitar da littafinsa The Magic Island a 1929, sannan aka yi fim ɗin White Zombie a 1932. A fim ɗin akwai wurin da zombaye ke juya injin matse rake, ɗayansu ya faɗa ciki, sauran ko waiwaye ba su yi ba. Wannan tsohuwar ma'anar, ta wanda ke bin umarni ba tunani, ita Fela ya ɗauko a waƙarsa Zombie da ya yi wa sojoji shaguɓe, har suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas a Fabrairun 1977.

Romero ne ya sauya komai a 1968 da Night of the Living Dead, wanda ya yi a wajen birnin Pittsburgh da kuɗi kaɗan, kusan dala dubu 114. Ya cire boka, ya cire ubangida. Matattu kawai suka tashi suna cin rayayyu. Jarumin fim ɗin baƙar fata ne, Duane Jones, ya tsira daga gawawwakin har gari ya waye, sai 'yan sintiri fararen fata suka harbe shi. Fim ɗin ya fito wata shida bayan kisan Martin Luther King, don haka ba a buƙatar wani ya yi wa masu kallo bayani.

Bayan shekara goma ya yi Dawn of the Dead. Daraktan Italiya Dario Argento ya taimaka wajen samo kuɗi. An ɗauki fim ɗin a Monroeville, wani katafaren rukunin kantuna kusa da Pittsburgh, da daddare bayan an tashi daga kasuwa, a kwashe kayan aiki kafin masu sayayya su iso da safe. Mai kwalliyar raunuka da jini shi ne Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga gawawwaki na gaske da idonsa.

Fim ɗin ya buɗe da gidan talabijin da ya rikice, kowa na ihu ba mai sauraron kowa. Daga nan sai 'yan sanda suka kai samame unguwar talakawa baƙaƙe da 'yan Puerto Rico da suka ƙi miƙa gawawwakin 'yan uwansu, wani ɗan sanda mai wariyar launi ya shiga harbin masu rai. Mutum huɗu suka tsere a jirgi mai saukar ungulu: 'yan sanda biyu, Peter da Roger, da matuƙin jirgin Stephen, da budurwarsa Fran mai juna biyu. Suka sauka a saman rukunin kantunan don ɗibar abinci, sai kwaɗayi ya riƙe su. Suka toshe ƙofofi da manyan motoci, a nan aka ciji Roger, daga baya ya mutu. Suka share wurin tas, ya zama nasu.

To a nan fim ɗin yake. Sun sa tufafi masu tsada, sun ci mai kyau, sun kwashi kuɗin banki suna karta da su alhali kuɗin ba su da sauran amfani. Bayan 'yan watanni sai ka gan su zaune shiru, ba mai yi wa wani magana, ga kaya ga ƙunci. A waje kuma gawawwaki suna ta goga fuska a jikin gilashi. Da Fran ta tambayi me ke kawo su, amsar da aka ba ta ita ce sabo ne, wurin yana da muhimmanci a rayuwarsu tun suna raye. Duk wanda ya taɓa zuwa mol ba ko sisi a aljihu, ya zaga ya sha sanyin na'ura ya ɗauki hoto ya dawo, ya san inda maganar nan ta dosa.

Kuma ba gawawwakin ne suka rusa musu zama ba. Wasu 'yan fashi a kan babura ne suka fasa ƙofofin. Da Stephen ya kyale su sun kwashi kaya sun tafi, da an tsira, amma ya buɗe musu wuta saboda a ganinsa kayan nasu ne. Ya mutu, ya tashi, kuma shi ya jagoranci gawawwakin zuwa maɓoyarsu. Peter da Fran suka tashi a jirgi da ɗan ragowar mai.

Sai na 2004. Shi ne fim na farko da Snyder ya ba da umarni, James Gunn ya rubuta labarin, kamfanin Universal ya zuba kusan dala miliyan 26, fim ɗin ya kawo sama da miliyan 100. An ce labarin a Milwaukee yake, amma a yankin Toronto na Kanada aka ɗauka. Ana, wata nas da Sarah Polley ta fito a matsayinta, ta farka da asuba, yarinyar maƙwabta ta ciji mijinta, cikin minti ɗaya mijin ya tashi ya biyo ta a guje. Wallahi minti goman farkon nan suna cikin mafi kyawun buɗewar fim ɗin ban tsoro da na sani. Daga nan ta haɗu da ɗan sanda Kenneth, wato Ving Rhames, da wasu, suka fake a rukunin kantuna.

Bambanci uku nake so mu duba.

Na farko gudu. Gawar Romero tafiyar hawainiya take, guda ɗaya ba ta da haɗari, har ture ta ake yi a wuce. Saboda haka kana da lokacin kallon ta: ga mai kayan asibiti, ga mai kayan wasa, ga mai kayan ibada, kowa da alamar rayuwar da ya bari. Har tausayi suke ba ka. Kuma duk wanda ya mutu a fim ɗin, in ka duba, gangancinsa ko kwaɗayinsa ne ya ja masa. Gawar Snyder kuwa tsere take, kamar masu cutar fim ɗin 28 Days Later na 2002. Ba ka ganin fuska, taro kawai kake gani yana zuwa. Romero da kansa bai yarda da wannan ba, yana ganin gawa in ta yi gudu idon sawunta zai karye.

Na biyu, wa ke tashi? A wurin Romero duk wanda ya mutu zai tashi, ko an cije shi ko ba a cije shi ba. Ma'ana babu mu da su, kowa yana hanya. A na 2004 sai wanda aka ciza. Akwai wata dattijuwa, Norma, da harsashi ya kashe, ba ta tashi ba. Abin ya koma cuta da ke shigowa daga waje, wadda katanga da bindiga za su iya tarewa.

Na uku, su kansu kantunan. A 1978 su ne tarko, su ne maudu'in fim ɗin. A 2004 sansanin tsaro ne kawai, da an mayar da labarin makaranta ko filin jirgi ba abin da zai ragu.

Me ya jawo haka? Zamani. Romero ya yi nasa ne bayan Amurka ta sha kashi a Biyetnam, bayan badaƙalar Watergate da ta sa Nixon ya yi murabus a 1974, lokacin da manyan kantuna ke janye mutane daga tsakiyar birane. Amurkawa a lokacin kansu suke tuhuma. Snyder ya yi nasa bayan harin 11 ga Satumba 2001, bayan cutar SARS da ta addabi Toronto a 2003, kuma fim ɗin ya fito ranar 19 ga Maris 2004, shekara guda cif da fara yaƙin Iraƙi. Tsoron lokacin shi ne na maƙiyin da ke faɗowa ba zato, wanda ba a yin sulhu da shi.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. In sunayen 'yan wasa suka fara fitowa a na 2004, cikin hotunan farko da ake nunawa akwai sahun Musulmi suna sujada, kafin a shiga hotunan tarzoma da jini da rugujewar duniya. Ban ce Snyder ya zauna ya ƙulla mana sharri ba, domin a cikin fim ɗin akwai wani mai wa'azin Kirista a talabijin da aka nuna yana ɗora laifin annobar a kan zunuban mutane. Amma a Amurkar 2004, sanya wannan hoton a wannan gurbin yana faɗar wani abu ko ba a yi niyya ba. Mu da muke zaune a garuruwan da wani lokaci ake kiran dukkanmu da suna ɗaya, mun san yadda ake ji in an daina ganin fuskarka ana ganin taro. Mu ma fa muna yi wa wasu haka, kar mu manta.

A yi adalci dai, na 2004 yana da nasa. Wasan 'yan fim ɗin ya fi kyau. Abotar Kenneth da Andy, mai shagon bindigogi a tsallaken titi, da suke hira ta hanyar ɗaga allo daga saman bene, ta fi duk wata hira a na Romero taɓa zuciya. Maigadi CJ, wanda ya fara da mugunta ya ƙare da ba da ransa, an gina shi da kyau. An kuma girmama na asali, don Ken Foree da Scott Reiniger da Tom Savini duk sun leƙo a ciki. Sannan nasararsa ta taimaka wa Romero ya samu kuɗin yin Land of the Dead a 2005. Shi kansa Romero ya ce fim ɗin ya fi yadda ya zata, sai dai ya rasa dalilin yin sa, ya koma kamar wasan gem.

Shawarata, ku fara da na 2004 in tsoro kuke nema, amma kar ku tsaya nan. Ku daure wa na 1978, ku yafe masa shuɗin fenti, ku kai inda mutum ukun nan suka zauna cikin dukiya suna kallon bango. Wanda ya kalli duka biyun ya faɗa mini wanne ya fi daɗewa a ransa bayan kwana uku. Masu cewa na 2004 ya fi, ina jiran hujjojinku a ƙasa, amma don Allah ban da zagi.