30 da 3: Ranar da Aka Casa Baltimore, da Gardamar Tausayi a Wasan Besbol

Duk shekara idan 22 ga Agusta ta zagayo, sai masu sharhin wasanni a Amurka su tono labarin casar da Texas Rangers ta yi wa Baltimore Orioles a 2007, maki 30 da 3. Tare da labarin kuma sai tsohuwar gardama ta farfaɗo: idan ƙungiya ta yi wa abokiyar karawarta fintinkau, ya kamata ta sassauta, ko ta ci gaba da duka har a tashi? Mai kallon ƙwallon ƙafa zai ce amsar a fili take, domin ya ga yadda Jamus ta rage wuta bayan ta zura wa Brazil biyar cikin rabin sa'a a 2014. Sai dai besbol ba shi da agogo. Turmi tara ake yi, kuma a kowane turmi sai an fitar da masu bugu uku kafin ɗaya ɓangaren ya karɓi sanda. Wanda ke gaba ba shi da hanyar cinye lokaci, wanda ke baya kuma babu usur ɗin da zai cece shi. A nan ne hujjar masu kiran a tausaya take fara rauni.

Babu wanda ya hango abin da zai faru a filin Camden Yards na Baltimore ranar. Ƙungiyoyin biyu duk ba sa taɓuka abin kirki a kakar, kuma kwana uku kafin nan Johan Santana na Minnesota ya fitar da masu bugun Texas sau 17 shi kaɗai da jifansa. A ranar ce ma Baltimore ta sanar da cewa kocinta Dave Trembley zai ci gaba da riƙe ƙungiyar a 2008. Bayan turmi uku Baltimore ce ke gaba da 3 da nema. Daga nan ruwa ya ɓalle: Texas ta ci biyar a turmi na huɗu, tara a na shida, goma a na takwas, shida a na tara. Jarrod Saltalamacchia da Ramón Vázquez, waɗanda ke can ƙarshen jerin masu bugu inda ake ajiye marasa ƙarfi, kowannensu ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau biyu, kowanne ya kawo maki bakwai. Rabon da wata ƙungiya ta kai 30 a babbar gasar tun 29 ga Yunin 1897, lokacin da Chicago ta lallasa Louisville 36 da 7. Boston a 1950 da Chicago White Sox a 1955 duk a 29 suka tsaya. Ga kuma wasa na biyu yana jiran ƙungiyoyin a daren, wanda shi ma Texas ta cinye 9 da 7.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne na Wes Littleton, mai jifan da Texas ta sako a turmi na bakwai ana 14 da 3. Da aka tashi sai aka rubuta masa ladan ceton wasa, irin wanda aka saba ba mai jifan da ya riƙe 'yar ƙaramar tazara a lokacin da gumi ya yi gumi. Masu ba'a suka ce wane ceto ake yi wa wanda ya yi nasara da tazarar maki 27? Amma dokar ta tanadi wannan lada ga wanda ya jefa turmi uku na ƙarshe ya rufe wasan da nasara, komai girman tazarar, kuma ina ganin dokar ta fi masu ba'ar fahimtar wasan. Wasa 162 ake yi a kaka, kusan kullum ana fili. Mutum ɗaya da ya ɗauke nauyin turmi uku ya hutar da kafaɗun sauran masu jifa, ga wani wasan nan da 'yan mintoci.

Shekara 13 bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Ranar 17 ga Agustan 2020 San Diego Padres na gaban Texas da 10 da 3 a turmi na takwas, zango uku duk da 'yan wasanta a kai. Mai jifa ya yi jifa uku a baɗe, al'adar da ba a rubuta ba kuma ta ce mai bugu ya ƙyale na huɗu idan tazara ta yi yawa. Fernando Tatís ƙarami na Padres, ɗan shekara 21, ya maka ƙwallon bayan katanga, maki huɗu a bugu ɗaya. Kocin Texas Chris Woodward ya nuna ɓacin rai, mai jifan da ya shigo ya wurga ƙwallo ta bayan Manny Machado na Padres har aka dakatar da mai jifan da kocin, yaron kuma ya fito ya nemi afuwa. Laifi tudu ne: ƙungiyar da ta ƙara maki 16 a turmi biyu na ƙarshe a Baltimore ita ce ke kukan an ci mata fuska a kan tazarar bakwai.

Masu kare al'adar suna da magana mai nauyi. Sun ce ƙwararru abokan sana'a ne, yau gare ka gobe ga wani, kuma ƙara wa wanda ya faɗi duka rashin tarbiyya ne da ke haifar da ramuwar gayya da ƙwallo mai gudun da zai iya karya ƙashi. Amsar farko tana birnin Cleveland. Ranar 5 ga Agustan 2001 Seattle, wadda ta ci wasa 116 a shekarar, tana gaba da 14 da 2 a turmi na bakwai. Cleveland ta ci uku, ta ci huɗu, ta ci biyar, sannan ta kammala da 15 da 14 a turmi na sha ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wasan da babu agogo tazarar bakwai ba tudun mun tsira ba ce. Amsa ta biyu ita ce albashin ɗan wasa yana rataye ne da alƙaluman da ya tara. Mai jifa bai daina ƙoƙarin fitar da shi ba, to don me shi zai ajiye sanda? Ramuwar gayyar kuwa laifin mai jifan da ya yi ta ne, kuma shi hukuma ta hukunta.

Inda tausayi yake da gurbi, an riga an rubuta shi a doka. A gasar yara ta Little League ana tsayar da wasa idan tazara ta kai goma bayan turmi huɗu, gasar ƙasashe ta World Baseball Classic ma tana da irin wannan tanadi a zagayen farko. Wannan adalci ne, domin kowa ya san ƙa'idar tun kafin a fara. Babbar gasar Amurka ba ta ɗauki wannan hanya ba, don haka bai dace a ɗora wa mai bugu aikin da masu doka suka ƙi yi ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Atlanta ta ci Miami 29 da 9 a 2020, Toronto ta ci Boston 28 da 5 a 2022. A 2021 kocin Chicago White Sox Tony La Russa ya soki ɗan wasansa Yermín Mercedes a bainar jama'a kan irin bugun Tatís, amma shi kocin ne ya fi shan suka. A 2023 aka taƙaita lokutan da za a sako wanda ba mai jifa ba ya yi jifa don a lallaɓa a gama wasa. Har yau dai ba a sake ganin 30 a allon maki ba, kuma ranar da za a gani, ƙungiyar da aka casa za ta yi abin da Baltimore ta yi: ta ci gaba da jifa har ta fitar da mutum na 27.