Richelieu: Sunan da Ya Tare wa De Gaulle Hanya a Dakar

Da asubahin Litinin, 23 ga Satumban 1940, hazo mai kauri ya lulluɓe gaɓar tekun Dakar. A bayan hazon akwai ayarin jiragen yaƙin Birtaniya, tare da Janar Charles de Gaulle da 'yan tsirarun sojojin Faransa da suka bi shi gudun hijira Landan. Fatansa shi ne birnin, wanda a lokacin shi ne hedikwatar dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ya buɗe masa ƙofa ba tare da an zub da jini ba. Ya tura manzanni a ƙaramin jirgi mai farar tuta, ƙarƙashin Thierry d'Argenlieu, hafsan sojan ruwa wanda kuma malamin zuhudu ne na Katolika. Hukumomin tashar suka ƙi karɓar saƙon, suka nemi kama su, da suka juya kuma aka bi su da harbi har d'Argenlieu ya ji rauni a ƙafa. Daga nan aka yi kwana uku ana musayar wuta.

A tsakiyar tashar akwai jirgin yaƙi mafi girma da Faransa ta mallaka a lokacin, wanda ya juya bakin igwoginsa zuwa ga baƙin. Sunansa Richelieu, ana furta shi kusan kamar Rishaliyo. Suna linzami ne, in ji Bahaushe, kuma da wuya a sami jirgin da sunansa ya ja shi zuwa irin matsayin mai sunan kamar wannan.

Mai sunan

An haifi Armand Jean du Plessis de Richelieu a 1585. Tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya zama bishof na garin Luçon, ya sami muƙamin kadinal a 1622, sannan a 1624 ya zama wazirin Sarki Louis na 13, kujerar da ya riƙe har rasuwarsa a 1642. Aƙidarsa ta mulki a fili take: maslahar ƙasa tana gaba da ta dangi, da ta manyan gidajen sarauta, har da ta ɗarika. Shi ya sa babban malamin Katolika kamarsa bai ga aibu ba wajen haɗa kai da Suwidin, ƙasar 'yan Furotesta, don karya gidan sarautar Habsburg na Katolika da ya kewaye Faransa ta wajen Sifen da Ostiriya.

Abin da ya sa rundunar ruwan Faransa ke ɗaukarsa uba shi ne matakin da ya ɗauka a 1626, lokacin da ya tattara dukan harkokin sufurin teku da cinikinsa a hannunsa, ya kuma sa aka soke tsohuwar sarautar babban amiral. Kafin haka sarki ba shi da wata rundunar ruwa ta dindindin da za a yi tinƙaho da ita. Richelieu ya sa aka ƙera jirage, aka gyara tashoshi irin su Brest, aka kafa kamfanonin mallaka. A ƙarƙashinsa ne Faransawa suka kama Martinique da Guadeloupe a 1635, tsibiran da daga baya suka zama gonakin rake da bayi 'yan Afirka ke nomawa. Kogin Richelieu da ke Kanada ma sunansa ya ci.

Amma abin da ya fi fito da halinsa shi ne kawanyar La Rochelle daga 1627 zuwa 1628. Birnin tashar teku ne, cibiyar Furotestan Faransa, kuma mutanensa sun dogara ga taimakon Ingila. Kadinal ya sa aka gina madatsa mai tsawon kusan mita 1,400 a bakin mashigin ruwan, aka nutsar da tsofaffin jirage cike da duwatsu don ƙarfafa ta. Sau biyu jiragen Ingila suka zo kai ɗauki a 1628, sau biyu suka koma. Bayan wata goma sha huɗu birnin ya miƙa wuya, yunwa ta riga ta rage mazaunansa daga kimanin 27,000 zuwa kusan 5,000. Ya bar musu ibadarsu, ya rushe musu ganuwa. Ba addininsu ya fi damunsa ba; abin da ya ƙi shi ne a sami Bafaranshe da zai kira jiragen Ingila su taya shi bijire wa gwamnatinsa.

Magada da jirage

Kadinal bai bar ɗa ba, sai sunan da sarautarsa suka bi ta zuriyar 'yar'uwarsa. Biyu daga cikinsu sun yi fice. Marshal Richelieu, wanda ya rayu daga 1696 zuwa 1788, shi ya ƙwace tsibirin Minorca daga hannun Ingila a 1756, abin da ya jawo aka harbe Amiral John Byng na Ingila a shekara ta gaba bisa laifin rashin yin iyakar ƙoƙarinsa. Jikan marshal ɗin, Armand-Emmanuel, ya gudu daga juyin juya halin Faransa ya shiga hidimar Rasha, aka naɗa shi gwamnan Odessa a 1803, ya mayar da ƙaramin gari babbar tashar Baƙin Teku. Ya dawo gida ya zama firaminista a 1815, kuma shi ya shawo kan ƙasashen da suka ci Napoleon da yaƙi suka janye sojojinsu daga Faransa a 1818. Mutum-mutuminsa ne mutanen Odessa suka kewaye da buhunan yashi a 2022 don kare shi daga makaman Rasha.

Jiragen kuwa sunan kadinal suka ɗauka. An saukar da wani Richelieu a ruwa a Toulon a 1873, jirgin katako mai sulken ƙarfe. Gobara ta kama shi a tashar a Disamban 1880, aka nutsar da shi da gangan kada ma'ajiyar albarushinsa ta fashe, daga baya aka tsamo shi aka gyara. Bai bar wani tarihin yaƙi ba.

Na Dakar dabam ne. An aza harsashinsa a Brest a Oktoban 1935, martani ga sababbin jiragen da Italiya ta Mussolini ke ƙerawa, aka saukar da shi a ruwa a Janairun 1939. Tsawonsa ya kusa mita 248. Manyan igwoginsa takwas, masu faɗin baki milimita 380, an jera su huɗu-huɗu a hasumiya biyu, duka a gaba, dabarar da ta rage nauyin sulke ba tare da an wuce iyakar tan 35,000 da yarjejeniyar Washington ta gindaya ba. Ba a gama aikinsa ba Jamus ta murƙushe sojojin Faransa. Ranar 18 ga Yunin 1940, yayin da Jamusawa ke dab da Brest, ya fita teku ya nufi Dakar. A yammacin wannan ranar ce De Gaulle ya yi jawabinsa na farko a rediyon BBC, yana kiran Faransawa da kada su ajiye makami.

Ina Faransa take?

Daga nan tambaya ta taso wadda aƙidar kadinal ba ta tanadi amsarta ba. Ya koyar da biyayya ga ƙasa, to amma ina ƙasar take? Gwamnatin Marshal Pétain, wadda ta sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta da Jamus ranar 22 ga Yuni ta kuma zauna a garin Vichy, ita ce ke riƙe da hatimi da baitulmali da amincewar majalisa. De Gaulle kuwa ƙaramin janar ne da kotun soja ta yanke wa hukuncin kisa a bayan idonsa a watan Agusta.

Birtaniya ba ta jira an warware wannan ba. Tsoron Churchill shi ne jiragen Faransa su faɗa hannun Hitler, duk da alkawarin da Amiral Darlan ya yi cewa hakan ba za ta faru ba. Ranar 3 ga Yuli jiragen Birtaniya suka buɗe wa rundunar Faransa wuta a Mers el-Kébir da ke Aljeriya, suka kashe matuƙa kusan 1,300. Bayan kwana biyar, jiragen sama daga jirgin dakon Hermes suka kai wa Richelieu hari a Dakar, nakiyar ƙarƙashin ruwa ta fasa masa baya, ya zama ba ya iya doguwar tafiya. Saboda haka mutanen da De Gaulle ya zo nema a Satumba sun gan shi ne tsaye a tsakiyar waɗanda suka kashe abokan aikinsu wata biyu da rabi da suka wuce.

Abin da ke kan faranti ba ƙarami ba ne. Dakar ita ce tasha mafi kyau a wannan ɓangaren na Tekun Atilantika, kusa da hanyar jiragen da ke zagaya Afirka. Zinariyar babban bankin Faransa, da ta Beljiyam da Folan, an kawo ta nan aka wuce da ita cikin ƙasa har Kayes, a Mali ta yau. Ga kuma jirgin kansa. De Gaulle yana da dalilin sa rai, domin a ƙarshen Agusta Gwamna Félix Éboué ya kai Cadi ɓangarensa, Kamaru da Kwango suka biyo baya. Sai dai babban gwamnan Dakar, Pierre Boisson, ya tsaya a kan umarnin Vichy.

Yunƙurin saukar da sojoji a Rufisque ya ci tura, De Gaulle ya janye mutanensa don kada Faransawa su ci gaba da kashe juna. Birtaniya ta ci gaba da ruwan wuta da manyan jiragenta, Barham da Resolution. Richelieu, wanda ba ya motsi, ya zama kamar ganuwa mai igwa. A rana ta biyu harsashi ya fashe a cikin bakin ɗaya daga manyan igwoginsa, hasumiyar ta tsaya, aka koma da ma'aikatanta ɗayar. A rana ta uku jirgin ƙarƙashin teku mai suna Bévéziers ya sami Resolution da nakiya, ya yi masa mummunar ɓarna. Ayarin ya juya zuwa Firitawun. A cikin waɗanda suka mutu har da fararen hula mazauna birnin, 'yan Afirka da babu wanda ya tambaye su wace Faransa suke so.

Shekara 312 bayan La Rochelle, sunan Richelieu ya sake hana jiragen Ingila shiga tashar Faransa don taya wasu Faransawa bijire wa gwamnati. Matuƙan jirgin suna iya cewa wasiyyar kadinal suka cika. De Gaulle ma yana iya cewa haka, domin mutumin da ya ƙulla ƙawance da Furotesta saboda maslahar Faransa ba zai ga laifin ƙawance da Landan ba.

Sakamakon ya kai har ƙasar Hausa. Da yake Nijar tana ƙarƙashin Dakar, Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ci gaba da bin Vichy fiye da shekara biyu, alhali Kano da Katsina suna hannun Birtaniya. Iyakar da ta raba 'yan'uwa ta zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba. Jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, ana kai su Masar, sai suka riƙa bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi ta Éboué zuwa Sudan.

Sauya sheƙa

Bayan Amurka da Birtaniya sun sauka a Arewacin Afirka a Nuwamban 1942, Boisson ya koma ɓangaren ƙawance, jirgin ya bi shi. A ƙarshen Janairun 1943 Richelieu ya bar Dakar zuwa New York, inda aka gyara shi a Brooklyn. Igwogin da suka lalace an maye gurbinsu da na ɗan'uwansa Jean Bart, wanda Amurkawa suka ragargaza a Kasabalanka. Ko a can rabuwar kai ba ta ƙare ba, domin wasu matuƙansa sun sulale sun shiga rundunar De Gaulle, ba su yarda da hafsoshin da suka yi wa Pétain biyayya ba.

Daga nan ya yi aiki a ƙarƙashin amiralan Birtaniyar da ya yaƙa: da farko a Scapa Flow, sannan a Tekun Indiya daga 1944, inda ya yi wa sansanin Japan da ke Sabang luguden wuta. Yana Singafo a Satumban 1945 lokacin da sojojin Japan na yankin suka miƙa wuya. Aikinsa na gaba shi ne raka sojojin da De Gaulle, wanda a lokacin shi ke shugabantar gwamnati a Paris, ya tura su maido da mulkin mallaka a Indochina. Ya ƙare rayuwarsa a matsayin jirgin horarwa, kuma a 1968 aka sayar da shi aka farfasa a La Spezia ta Italiya, ƙasar da aka ƙera shi domin ya yaƙa.

Saura mataki ɗaya. A 1986, zamanin Shugaba François Mitterrand, Faransa ta ba da odar jirgin dakon jiragen sama mai amfani da makamashin nukiliya, aka raɗa masa suna Richelieu. Zaɓen majalisa na wannan shekarar ya kawo Jacques Chirac, magajin siyasar De Gaulle, kujerar firaminista, kuma a Mayun 1987 gwamnatinsa ta canja sunan. Jirgin da ya fara aiki a 2001, wanda har yau shi ne kan gaba a rundunar ruwan Faransa, ana kiransa Charles de Gaulle.

Ƙasashe suna sa wa jiragensu sunayen magabata ne don su nuna cewa tarihinsu zare ɗaya ne da bai taɓa tsinkewa ba. Labarin Richelieu ya nuna inda zaren ya tsinke, da kuma yadda aka ƙulla shi. A 1940 mai bin doka yana cikin jirgin, ɗan tawaye yana wajen tashar. Bayan shekara 47, ɗan tawayen ne aka ga ya fi cancantar a rubuta sunansa a jikin ƙarfe. Ɗaya daga cikin igwogin da aka ciro daga tsohon jirgin tana nan a ajiye a bakin kogin Penfeld da ke Brest, a tashar da kadinal ya zaɓa wa rundunarsa.