Tarihin Samarin Da Ke Zuwa Aikin Gayya Ƙasashen Waje

Aikin gayya daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. In damina ta yi nisa, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya gayyaci samarin gari su zo da fartanyoyinsu, a yi noma ana kiɗa, ba wanda ya ke jiran lada sai fura da tuwo. Abin da zamani ya kawo shi ne saurayi ko budurwa su bar ƙasarsu, su haye teku, su je gayya garin da ba su san kowa ba, ba su kuma jin harshen mutanensa. Wannan al'ada shekarunta ɗari ne da 'yan kai. Ga yadda ta faro, da abin da ya same ta sa'ad da ta iso ƙasashenmu.

Mafarinta ƙasar Turai ne, bayan Yaƙin Duniya na Farko. A cikin 1920 wani injiniya mutumin Suwizalan, sunansa Pierre Ceresole, ya tara mutane kaɗan daga ƙasashe dabam dabam, suka tafi wani ƙauye da a ke kira Esnes, kusa da Verdun ta ƙasar Faransa, inda yaƙi ya rushe gidaje ƙurmus. Suka shiga kafa wa mutane wuraren kwana, suna gyara hanya, suna share gonaki. Cikinsu kuwa har da Jamusawa, watau abokan gāban jiya. Nufin Ceresole shi ne mutanen da suka yi gumi tare, suka ci abinci tare, zai yi wuya su sāke ɗaukar bindiga su harbi juna. Aikin bai wuce 'yan watanni ba aka tsai da shi, don zukatan waɗansu Faransawa ba su huce ba tukuna, ba su iya jure ganin Bajamushe a ƙasarsu. Duk da haka iri ya riga ya faɗa ƙasa. Ƙungiyar da ya kafa ta rayu, har a 1934 shi da kansa ya tafi Bihar ta ƙasar Indiya taimakon waɗanda girgizar ƙasa ta yi wa ɓarna.

Na biyu da ya kamata a ambata wani Bature ne mutumin Ingila, Alek Dikson, wanda ya yi aiki a Afirka ta Yamma. A 1951 ya buɗe wata makaranta a bakin teku, a Man O' War Bay, cikin yankin Kamaru da a ke mulki tare da Nijeriya a lokacin. Can a kan tara samari masu ilmin boko daga ko wace jiha, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, a sa su hawan dutse da iyo, a kuma kai su ƙauyuka su yi aikin hannu tare da talakawa. Ya lura da cewa saurayi ya kan koma gida da wata irin natsuwa wadda littafi bai ba shi ba. Da ya koma Ingila, shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a 1958. Waɗanda aka fara aikawa ba su kai ashirin ba, yara ne da suka gama sakandare, aka tura su wurare kamar Gana da Sarawak ta tsibirin Borniyo, su yi shekara guda kafin su shiga jami'a. A wannan shekara kuma wani limamin Kirista baƙar fata na Amurka, James Robinson, ya fara kawo ɗalibai Afirka lokacin hutu, suna gina makarantu da ɗakunan shan magani tare da samarin ƙasa.

Amma abin bai zama gagarumi ba sai da gwamnatin Amurka ta sa hannu. Ran 14 ga Oktoba 1960, da tsakar dare, Kenedi yana yawon neman zaɓe ya tsaya a Jami'ar Mishigan, ya tambayi ɗalibai ko nawa ne cikinsu za su yarda su je su yi aiki a ƙasashe irin su Gana. Ɗalibai suka yi ta sa hannu a takarda suna cewa sun yarda. Da ya hau mulki, ran 1 ga Maris 1961 ya kafa ƙungiyar Peace Corps, watau rundunar zaman lafiya, ya ɗora surukinsa Sargent Shriver a kanta. Aka yanke mata manufa uku: ta taimaki ƙasashen da ke bukatar ma'aikata, ta sa mutanen waje su san Amurkawa, ta kuma sa Amurkawa su san mutanen waje. Ba a ɓoye ba, akwai siyasa a ciki, gama lokacin Amurka da Rasha suna tseren neman abokai cikin ƙasashen da suka sami mulkin kai. Sharaɗin aikin shi ne shekara biyu, da ɗan kuɗin abinci, mutum ya zauna yadda mutanen wurin su ke zaune. Ƙarshen Agusta 1961 ayari na farko, mutum wajen 50, suka sauka Ankara, babban birnin Gana. Suna saukowa daga jirgi suka rera waƙa da harshen Tuwi a gaban manyan ƙasa. Ko da ya ke harshen bai nuna a bakinsu ba, mutane suka ji daɗi ƙwarai, don ba a saba ganin Bature ya wahalar da kansa haka ba.

A Nijeriya kuwa sai aka fara da tuntuɓe. Ayarin farko an sauke su a Kwalejin Jami'a ta Badun, watau Ibadan, domin su ƙara samun horo kafin a rarraba su makarantu. Cikin watan Oktoba 1961 wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa wani abokinta na Amurka kati, irin wanda a ke aikawa ba ambulan. A ciki ta bayyana yadda ƙazanta da talauci da zaman mutane a bakin titi suka firgita su, ta ce ba a shirya su ga ganin haka ba. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗaliban kwalejin. Suka kwafe shi, suka rarraba, suka yi taro, suka ce waɗannan baƙi 'yan leƙen asiri ne, a kore su. Jaridun duniya suka ɗauka. Yarinyar ta ba da haƙuri, ta bar ƙasar.

Ya kamata mai karatu ya duba wannan al'amari da idon basira. Nijeriya shekararta guda ke nan da samun mulkin kai, ɗaliban nan kuwa sun tashi suna jin Turawa na kiran ƙasarsu ƙasar duhun kai. Ga wata ta zo da sunan zumunci, an ba ta masauki, sa'an nan an tarar abin da ta fara kai wa gida shi ne labarin juji. Ita kuma ba ƙarya ta shirya ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Sai dai Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mai mako uku a gari ya kan ga kwata da bola, amma bai san wa ke ciyad da marayun unguwa ba, bai san yadda a ke sulhunta faɗa ba, bai san abin da ya sa matar nan mai tuya a bakin hanya ta iya biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta ba. Waɗannan sai an daɗe, an ji harshe, an shiga gidaje.

Sauran 'yan ayarin ba su gudu ba. Suka jure ƙauracewar da aka yi musu, har aka zauna aka yi magana, ƙura ta lafa. Kafin tsakiyar shekarun 1960 Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan waɗannan samari, ɗaruruwa, galibinsu suna koyad da Turanci da lissafi da kimiyya a sakandare da kwalejojin horon malamai, har da na Jihar Arewa. Yaƙin basasa na 1967 ya sa aka kwashe waɗanda ke Gabas, daga nan aikin ya yi ta raguwa.

A Nijar aikin ya fi daɗewa, tun daga 1962 har 2011. Can a kan koya wa baƙo Hausa ko Zabarmanci, a kai shi ƙauye shi kaɗai, a ba shi ɗakin ƙasa, mutanen gari su raɗa masa suna irin nasu. Ya koyi cewa ba a shiga magana sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya, ba a miƙa abu da hagu, ba a wuce masu cin abinci a ƙi amsa tayi. Waɗansu sun yi aikin awon jarirai, waɗansu rijiyoyi da lambuna. A kwarin Majiya, wajen Buza ta ƙasar Tawa, tun daga 1975 sun yi aiki tare da malaman daji na Nijar da manoma, aka dasa dogon yaro jeri jeri domin tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A watan Janairu 2011, bayan an sace waɗansu Faransawa biyu a Yamai, sai aka janye su duka saboda rashin tsaro.

An yi ta gardama a kan amfanin wannan aiki. Masu suka sun ce yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba, me zai koya wa manomi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa daga baya VSO ta koma neman ƙwararru masu sana'a a hannu, ta kuma shiga ɗaukar mutanen Kenya da Indiya da Filifin. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin sun shaida da bakinsu cewa abin da suka koyo ya fi wanda suka koyar. Waɗansunsu sun zama malaman harsunan Afirka da tarihinta a jami'o'in ƙasarsu, waɗansu sun yi shekaru suna musayar wasiƙu da masu masaukinsu.

Nijeriya ma ta shiga sahun masu aikawa. A 1987, zamanin Janar Babangida, Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, aka kafa ƙungiyar da ke tura likitoci da malaman makaranta da injiniyoyi da ma'aikatan jiyya zuwa ƙasashe irin su Gambiya da Uganda da Jamaika, su yi shekara biyu. Ashe ke nan 'ya'yanmu ma sun zama baƙi a garin wasu. Duk wanda irin wannan tafiya ta faɗo wa, sai ya tuna da katin Badun. Ya fara koyon gaisuwar mutane kafin ya fara gyara musu, ya ci abin da su ke ci, in kuwa zai rubuto gida, ya rubuta abin da ba zai ji kunya ba in mai masaukinsa ya karanta.