Fasto a Ƙarshen Fim

Fim na farko da ya hana ni barci na Turanci ne, kuma a lokacin ko gaisuwa ban iya da Turanci ba. A wata rumfar kallo na gan shi, a unguwarmu ta Ladjifarani cikin Parakou, inda ake biyan dala biyar a zauna kan benci. Muna yara, Hausawa da Dendawa da Bargawa da Yarabawa, rabinmu daga makarantar allo muka sulale. Sunan fim ɗin Karishika, labarin wata mace da Shaiɗan ya turo duniya ta ɓatar da mutane. Muka yi ta makyarkyata har wani fasto ya zo da addu'a ya gama da ita. Mu 'ya'yan Musulmi muka tafa masa, domin a daren nan shi ne gwaninmu.

Sai da na girma na lura cewa kusan duk finafinan ban tsoro da muka kalla haka suke ƙarewa. Dalilin yana cikin tarihin sana'ar. Fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe kasuwar bidiyo ta kudancin Najeriya, Living in Bondage na 1992 wanda Kenneth Nnebue ya shirya da Iyamuranci, labarin Andy ne da ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi. Kuɗin suka zo, fatalwar matar ta hana shi sakat, ya haukace, daga bisani masu addu'a na coci suka ceto shi. Wasu ma majami'a ce kai tsaye take shirya su. Mike Bamiloye ya kafa ƙungiyar Mount Zion a 1985 don yin bishara ta hanyar wasan kwaikwayo, kuma Agbara Nla nasa, da Yarabanci, cike yake da aljanu da bokaye. A wajensa tsoro ƙugiya ce ta jawo mutum zuwa ga Yesu.

Turawa sun riga su. A littafin Dracula na 1897 gicciye ne ke korar mai shan jini. William Peter Blatty, marubucin littafin da aka mayar fim ɗin The Exorcist a 1973, ɗan Katolika ne mai riƙo da addini, kuma lissafinsa a fili yake: wanda ya yarda akwai Iblis ya kama hanyar yarda akwai Allah. Amma mai karatu ya riƙe abu ɗaya daga wannan fim. Yarinyar da aljani ya shiga, 'yar shekara 12, ita ce abar tausayi, kuma limaman coci biyu suka rasa rayukansu wajen ceto ta.

A Kalaba aka juya wannan labari. A 1999 majami'ar Helen Ukpabio, Liberty, ta fitar da End of the Wicked. A cikinsa yara ne mayu. Kurwarsu tana fita da dare, su je taro, su ci naman mutum, su dawo su karya arzikin iyayensu. Dodo ya bar daji da maƙabarta, ya koma kan tabarmar ɗakin uwa. Shekarun da suka biyo baya an ga yara a jihohin Akwa Ibom da Kuros Riba ana ce musu mayu, ana dukansu, ana ƙona su, ana korarsu titi. A 2008 tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna wa duniya halin da suke ciki, a shekarar kuma Akwa Ibom ta yi dokar da ta haramta laƙaba wa yaro maita. Ukpabio ta musanta cewa fim ɗinta ne sanadi. Gaskiya ne ba ita ta ƙirƙiro tsoron maita ba, ta tarar da shi. Ni dai a ganina, wanda ya tarar da wuta ya zuba mata fetur ba zai ce hannunsa ba toka ba.

Abin da ya sa batun yake ci mini rai, a nan ƙasar Bargu ba mu jira fim ba. A wasu ƙauyukan Bargawa da can, jaririn da ya fito da ƙafa, ko wanda haƙoran sama suka riga na ƙasa fitowa, ko wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa, ana ɗaukarsa mai mugun abu. Wani a kashe shi, wani a miƙa wa Fulani su raine shi, kuma daga irin waɗannan yara ne wani ɓangare na mutanen da ake kira Gando ya samo asali. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan wannan al'ada akwai limamin Katolika, Fada Pierre Bio Sanou, shi ma Babarge, wanda ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka yana karɓar jariran da aka yanke wa hukunci. Dokar kare yara ta Benin ta 2015 ta sa hukunci a kan kisan jarirai na tsafi. Littafi ɗaya Ukpabio da Bio Sanou suke karantawa. Ita ta dubi yaro ta ga Shaiɗan, shi ya duba ya ga wanda ake shirin zalunta.

Kada mu Musulmi mu yi dariya. Finafinan Hausa da ake kawo mana daga Kano su ma suna da nasu: boka da jan ƙyalle, aljana mai kofato, kishiya ko tsohuwa mayya, sai malam ya zo da ruƙiyya a minti goma na ƙarshe. Cire faston ka sa mai rawani, sauran duk ɗaya. Kuma sau nawa muka ji an nuna wata tsohuwa a unguwa an ce ita ta kama kurwar yaro, alhali zazzaɓin cizon sauro ne?

Na taɓa kawo wannan zance a shirina na rediyo. Wata baiwar Allah ta kira daga wajen Djougou, ba ta faɗi sunanta ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce, “Malam, ɗana haƙoran sama ya fara fitarwa. Wata uku ban bari kowa ya ga bakinsa ba, ko kakarsa.” Na ce, “Yanzu yana ina, Hajiya?” Ta ce yana aji uku a lakwal, kuma ba abin da yake so kamar finafinan aljanu a wayar babansa.