Wa Ya Fara Sassaƙa Wa Bindiga Ƙota A Ƙasar Hausa?

Tambayarmu ta gaba ta fito ne daga wani masassaƙi a Roni, cikin ƙasar Kazaure. Ya ce ƙotar fartanya da ta gatari ya gada, amma kakansa har ƙotar bindigar maharba yana yi. To kwanan baya wani baƙo ya kawo masa aikin mariƙin ƙaramar bindiga, irin wadda ake sokewa a ƙugu, da kuɗi masu tsoka. Yana son tarihin wannan sana'a, kuma ko ya karɓi aikin.

To malam, mun gode da wasiƙarka. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, bindiga baƙuwa ce a ƙasar Hausa, amma itacen jikinta ya daɗe da zama ɗan gida. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa shigo da bindigogi daga wajen Nufe. Babba Zaki kuma, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga suna tsaron sarki. Duk da haka ba ta yawaita ba. Bature ɗan ƙasar Jamus ɗin nan, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar takubba ne ake shigowa da su dubbai, bindiga kuwa kaɗan ce.

Yawancin waɗanda suka iso an ƙera su ne a Barmingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, musamman don a sayar wa Afirka. Kaya ne na arha. A sami itace marar tsada, a shafa masa fenti, a ɗora bututu, shi ke nan. Wannan itace da ya girma a ƙasar sanyi, in ya sha raɓar damina, ya sha iskar hunturu, ga kuma gara, sai ya tsage ko ya saki ƙarfen. Kuma ba wanda zai jefar da bututun da ya ƙetaro teku ko Sahara don kawai itacensa ya lalace. Sai a kai wa masassaƙin gari. Ka ga ke nan aikin kakanka daga gyara ya samo asali, kafin maƙera su ƙware su riƙa haɗa tasu.

Ku mutanen Kazaure da Babura kun san ƙarar bindiga tun kafin wasu. Ɗantunku ya kafa Kazaure a 1819, ɗansa Dambo ya gaje shi daga 1824 zuwa 1857, a zamaninsa kuwa an yi ta fafatawa da Damagaram. Damagaram ɗin nan ba kanwar lasa ba ce. Sarkinta Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, ya kuma sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin birninsa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Babura zuwa Magarya ya san tafiyar ba nisa. Garuruwanku su ne bakin daga.

Me ya sa har yau bindigar toka ce a hannun maharbi, alhali duniya ta wuce wurin tuntuni? Dalilin yana birnin Burasel. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a can cewa kada a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, sai dai tsohuwar mai ƙanƙara da albarushi na kasuwa. Suka ce don a hana cinikin bayi ne. Mu dai mun lura cewa shekara 13 bayan haka, a 1903, da suka zo cin Kano, su da igwa da mashinga suka zo, mutanen gari kuwa da kibiya da takobi da 'yar bindigar da sai an ɗura an harba an koma gefe. Bayan an ci ƙasa, ita wannan aka bar wa talaka don farauta, da korar biri da gyado daga gona, da kuma bugawa ranar hawan salla.

Batun itace kuwa, a nan gwanintar take, kai ma ka fi mu sani. Ana son wanda ba zai tsage ba in bindiga ta yi harbin baya, kuma ba zai karya kafaɗa da nauyi ba. Kanya ta yi suna a wannan aiki, don tana da ƙarfi, gara ba ta cika damunta ba. Maɗaci ma yana karɓar sassaƙa, ga ja mai kyau in ya sha mai. Ƙirya ta fi su tauri, amma nauyinta ya fi dacewa da turmi da taɓarya, gawayinta kuma na maƙera ne. Gawo ba a ma kawo shi, ƙwari sun fi ka sonsa. Ɗanyen itace kuwa, kowane iri ne, zai yaudare ka, don yana bushewa zai murɗe ya bar bututun yana rawa. Abin ban sha'awa, ɗaya daga cikin sunayen bindigar gargajiya, wato baushe, sunan itace ne.

Yanzu sai aikin baƙonka. A nan, malam, muna ba ka shawara ka mayar masa da kuɗinsa. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka tana gida na ƙarshe, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da ikon ba da lasisinta. Ƙaramar bindiga kuwa, ko libarba ko fistol, ko da ta toka ce, tana gida na farko tare da makaman soja, wato haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Kada kuma ka ce ai ni itace kawai na taɓa, domin a wurin dokar, sashen bindiga ma bindiga ne, kuma ta hana ƙira da haɗawa da gyara sai ga wanda aka ba takarda. Ko ƙotar ta maharba ce, nemi bayani a ofishin 'yan sanda na yankinku kafin ka ɗaga gizago.

Ban da doka ma, duba abin da kyau. Doguwar bindiga ana rataya ta a kafaɗa, mai gari ya san mai ita, sarkin baka ya san shi. Ƙaramar kuwa don a ɓoye ta aka yi ta, ba a harbin gada da ita. Ku a Roni da Gwiwa kuna iyaka da Jihar Katsina, kun kuma ji abin da 'yan fashin daji suka yi wa manoma da 'yan kasuwa a can da Zamfara. Ran da aka kama mai ita, tambayar farko ita ce wa ya yi masa aiki, kuma hannun kowane masassaƙi sananne ne a kasuwa. In baƙon ya dawo, sanar da mai unguwa ko dagaci tun yana cikin gari.