Daga Akwatin Dala Ɗaya zuwa Wayar Hannu: Tarihin Hoton Cikin Gida

A cikin adakar kakata akwai wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa, ɗauke da hotuna 11. Su ne duk abin da ya rage na kamannin gidanmu na kusan shekara arba'in. Tara daga ciki maza ne cikin kayan Sallah, tsaye ƙiƙam a gaban labulen mai hoto. Ɗaya hoton fasfo ne na ita kakar, wanda aka ɗauka sa'ad da za ta sauke farali. Na ƙarshen ya karkace, ya kuma yi dishi-dishi: kawuna ne yana yaro, riƙe da igiyar ragon layya, bayansa ga rumbu da tarin karan dawa. Wani ɗan'uwa ne ya ɗauka da kyamarar aro. Duk ranar da aka buɗe gwangwanin, a kan wannan hoto ake daɗewa, domin shi kaɗai ne ya nuna gidan yadda yake. Dalilin da ya sa irinsa ɗaya ne tal yana cikin tarihin yadda kyamara ta bar hannun ƙwararru ta faɗo hannun 'yan dagaji.

Zamanin da hoto ke hannun ƙwararru

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris na ƙasar Faransa. Hoto a lokacin aiki ne na sinadarai da haƙuri. Mai son a ɗauke shi sai ya zauna bai motsa ba, har akan tokare masa ƙeya da wani ƙarfe don kada kansa ya girgiza. Yaro mai ƙiriniya da kare da kyanwa ba su san wannan doka ba, shi ya sa sukan fito kamar hayaƙi. Wanda kuma ya so ɗaukar gona ko rafi, a shekarun da suka biyo baya, dole ya yi dakon farantan gilashi da kwalaben sinadari da tantin duhu, ya wanke hoton nan take kafin farantin ya bushe. Tsada da wahala suka sa hoto ya taƙaita ga abin da ake ganin ya cancanta, wato manyan mutane da manyan ranaku.

Akwatin George Eastman

A 1888 George Eastman, mazaunin Rochester a jihar New York ta Amurka, ya fito da kyamarar Kodak. Akwati ne ƙarami da ake sayarwa dala 25, da fim na hoto 100 a cikinsa. Idan fim ya ƙare, sai mai shi ya aika da akwatin gaba ɗaya kamfani, a wanke hotunan, a sa sabon fim, a dawo masa da shi a kan dala 10. Hikimar Eastman ita ce ya raba ɗauka da wanki: mai gida ya latsa, kamfani ya ji da sauran.

Sai dai dala 25 kuɗi ne masu kauri. Juyin na gaskiya ya zo a 1900 da kyamarar Brownie, wadda aka yi da kwali, aka sa mata dala 1, aka kuma tallata ta ga yara. Fiye da 100,000 aka sayar a shekarar farko. Daga nan kundin hotunan iyali ya fara cika da abubuwan da ba wanda zai biya ƙwararre ya ɗauka: jariri yana rarrafe, kare a bakin ƙofa, hanyar gona bayan ruwan sama. Fim mai launi na Kodachrome ya biyo baya a 1935, Polaroid mai fitar da hoto nan take a 1948, sai Instamatic a 1963, kowanne yana rage wa ɗan dagaji wani nauyi.

Yadda abin ya iso gare mu

Shekara 3 bayan fitowar Brownie, Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Kyamarar da ta shigo tare da su tana hannun jami'an mulki da 'yan mishan da matafiya, abin da ya burge su kuma shi suka ɗauka: sarakuna, ganuwa, kasuwa, marina, hawan dawaki. Talaka yakan fito a waɗannan hotuna ba suna, a matsayin misalin wata ƙabila ko wata sana'a.

A kudancin Nijeriya akwatin nan mai araha ya zama tsani ga wasu. J.D. 'Okhai Ojeikere ya sayi Brownie a 1950 yana saurayi, daga baya ya ɗauki hotunan kitson matan Nijeriya kusan 1,000, waɗanda yau ake baje kolinsu a manyan gidajen tarihi na duniya. A yawancin gidajen Hausawa kuwa, hoto ya daɗe yana zaman abin da ake zuwa a yi a shago, ko a jira mai hoto ya zagayo ranar Sallah ko biki. Kuɗin fim da na wanki sun taka rawa, haka nan ƙyamar da wasu malamai suka nuna wa hoto. Amma babban shinge shi ne zaure. Mai hoto baƙon namiji ne, iyakarsa ƙofar gida. Tsakar gida, inda ake daka da kitso da reno, inda tantabaru da awaki da kyanwa suke, ta kasance bayan idon kyamara. Wannan ne ya sa tsofaffin mata da yawa ba su bar kamanninsu ba sai a hoton fasfo ko na katin shaida.

Wayar hannu ta ƙetare zaure

A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya kai kusan kilo 4, tana kuma cin daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Kamfanin da arzikinsa ke kan sayar da fim bai yi hanzarin rungumar ta ba, kuma a watan Janairun 2012 ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Kafin nan layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a 2001, wayoyi masu kyamara suka biyo baya. Abin da Brownie ta yi wa gidajen Amurka, waya ce ta yi wa namu bayan shekara ɗari. Yanzu mai ɗaukar hoton 'yar gida ce, ba ta buƙatar sallama. Ita ke ɗaukar kaka tana kaɗi, da akuyar da ta haifi tagwaye, da gero ya yi bununi a gonar bayan gari.

Kammalawa

Wannan yalwa ta zo da nata haɗari. Hotuna 11 na kakata sun tsira daga gara da damina har suka iso hannuna. Ni kuwa wayata ta faɗa ruwa ina ajin ƙarshe a jami'a, ta tafi da hotunan shekara 4, har da na mahaifiyar babana da ba za a sake ɗauka ba. Hoton takarda yana buƙatar gwangwani ne kawai. Na waya yana buƙatar caji da memori da lambar sirri, sau da yawa kuma lambar tana tafiya kabari tare da mai ita.

Masanin tarihin da zai zo nan gaba yana neman sanin yadda ƙauyenmu yake kafin kwano ya maye gurbin rufin soro, ko wane irin rago ake kiwo, a wajen 'yan dagaji zai samu amsa, in har sun bar masa abin dubawa. Saboda haka ya kamata kowane gida ya zaɓi hotuna kaɗan a shekara ya wanke, ya rubuta suna da wuri da shekara a bayansu. Ni na fara da na kawuna da ragonsa. Na zauna da kakata ta faɗa mini wanda ya gina rumbun da ke bayansa, da shekarar da aka rushe shi, na rubuta da biro a bayan hoton, na mayar da shi cikin gwangwani.