Gishirin Teku a Kogin Sanagal: Tarihin Madatsar Diyama

Kogin Sanagal ya taso ne daga duwatsun Futa Jalon a ƙasar Gini, ya ratsa yammacin Mali, sa'an nan ya zama iyaka tsakanin Sanagal da Muritaniya, kafin ya faɗa teku dab da birnin San Luwi, wanda mutanen wurin suke kira Ndar. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,800. Tsakiyar kwarinsa ita ce Futa Toro, ƙasar da Toronkawa, kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suka fito. Ƙarshen kwarin kuwa shimfiɗe yake kamar faifai, har ma gindin kogin ya fi fuskar teku ƙasa na tsawon tafiya mai nisa. Saboda haka da zarar ambaliyar damina ta janye, ƙarfin ruwan daɗi ya ragu, sai teku ta juyo ta shiga cikin kogin. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, don haka ta ƙasa yake kutsawa, yana hawa sannu a hankali har tsawon rani. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, alhali kuwa giram biyu ya isa ya hana ruwa shaɓuwa a maƙogwaron mutum.

Wannan shigowa ta gishiri ba baƙon abu ba ce ga mutanen kwarin. Tana da lokacinta, kamar yadda hunturu yake da nasa. Faransawa sun kafa San Luwi a kan tsibiri cikin shekara ta 1659, suka tarar da cewa watanni da yawa a kowace shekara ruwa ya kewaye garin amma babu na sha. Sai aka dinga tara ruwan sama a tankuna, ana kuma ɗauko wani a jiragen ruwa daga can sama inda gishiri bai kai ba, har zuwa shekarun 1880 da aka kafa injunan tururi a Mbakana suna turo wa birnin ruwa. A gabas da nan akwai tafkin Giyer, wanda wani mashigi mai suna Tawe yake haɗa shi da kogin a garin Richard Toll. Dabarar da aka yi a nan mai sauƙi ce: in ambaliya ta zo a bar ta ta cika tafkin, in ta fara janyewa a toshe mashigin kafin gishiri ya iso. Da farko da ƙasa ake toshewa kowace shekara, daga baya cikin 1947 aka gina gada mai ƙofofi. Duk wannan tsari ya dogara ne a kan zato guda ɗaya, watau cewa ambaliya za ta zo kowace shekara, kuma za ta zo da ƙarfin da zai kori gishiri ya koma teku.

Bayan samun mulkin kai sai aka ƙara wa wannan zato kaya. Cikin 1965 gwamnatin Sanagal ta kafa hukumar SAED don noman shinkafa a bakin kogin. Cikin 1970 aka kafa kamfanin rake da sukari a Richard Toll. Cikin 1971 kuma aka fara tace ruwan tafkin Giyer a Ngnith ana tura shi ta bututu zuwa Dakar, tafiyar kilomita wajen 250. Ana cikin haka fari ya sauka. Shi ne farin nan da ya faro daga 1968 ya tsananta a 1972 da 1973, wanda ya ƙarar da dabbobi a ƙasar Hausa da sauran ƙasashen Sahel. A kogin Sanagal illarsa ta zo da wata kama dabam: gishiri ya riƙa shigowa da wuri, yana daɗewa, yana kuma hawa fiye da kilomita 200, ya wuce Richard Toll da Dagana. Tafkin da bai cika ba kuwa rana tana shanye ruwansa tana barin gishirin, sai ɗan abin da ya rage ya ƙara zartsi.

A watan Maris na 1972 shugabannin Sanagal da Muritaniya da Mali, watau Senghor da Mukhtar Wuld Dada da Musa Tarawure, suka kafa Ƙungiyar Raya Kogin Sanagal, wadda aka fi sani da OMVS. Gini ba ta shigo ba sai 2006. Shirin ƙungiyar madatsu biyu ne. Ɗaya a Manantali cikin Mali, don tara ruwa da samar da lantarki da ban ruwa ga eka-eka da aka ƙiyasta a hekta 375,000. Ɗaya kuma a Diyama, kilomita 27 sama da San Luwi, wadda babban aikinta shi ne tare gishiri. An soma ginin Diyama cikin 1981.

Fari bai jira a gama ba. Ambaliyar 1983 ta zo da rauni ƙwarai, ta 1984 ma haka, har ruwan da ya wuce ta Bakel a shekara ya koma kusan sulusin abin da aka saba gani. Ruwan shan Dakar da gonakin rake duk suka shiga haɗari. A ƙarshen 1983 sai aka yi gaggawar tare kogin gaba ɗaya da tarin ƙasa a wani wuri mai suna Kheune. Da damina ta kewayo ruwa ya kwashe ta, aka sake yin wata. Marubuta tarihin kogin sukan ambaci wannan madatsar ƙasa a layi ɗaya su wuce, amma ta cancanci a tsaya a kanta. Ita ce ta ƙarshe da ta bi tsohuwar ƙa'idar mutanen Tawe: a tare gishiri da rani, a sakar wa kogi hanya da damina. Diyama, wadda aka kammala cikin 1986, tana da ƙofofi da ake buɗewa lokacin ambaliya, amma da Manantali ta fara aiki a 1988, aka kuma yi ganuwar ƙasa a gaɓoɓin kogin, sai ruwan da ke bayan madatsar ya zama tafki mai daɗi wanda ba ya sauka ƙwarai, rani da damina.

Lalle madatsar ta yi aikin da aka gina ta dominsa, kuma duk wanda ya musa haka bai yi adalci ba. Gishirin teku bai sake hawa kogin ba. Tafkin Giyer ya cika, ya ci gaba da shayar da Dakar, aka ƙara wata matatar a Keur Momar Sarr cikin 2004. Cikin 2010 ruwan kogin ya isa Nuwakshot ta bututu. Manoma suka sami damar yin shinkafa sau biyu a shekara a wuraren da a da sai an yi sa'a ake yin ɗaya.

Abin da ba a sa cikin lissafi ba shi ne, ashe gishirin nan yana wani aiki da ba wanda ya ɗauke shi ya yi. Ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya ba sa jimirin ruwan zartsi, ba sa kuma son ruwa mai hawa da sauka. Har ila yau akwai wani irin jatan lande na kogi da yake cin su, wanda ba ya hayayyafa sai a inda ruwan daɗi ya gauraya da na teku. Madatsar ta yanke masa hanya. Cikin 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a Richard Toll, garin da ba a san shi da ita ba, kafin 1990 ta kama fiye da rabin mutanen garin. Ciyawar kacalla ma ta samu wurin zama, ta toshe magudanai da wuraren kamun kifi da mashayar dabbobi. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun san wannan ciyawa sarai, domin ita ce ta mamaye musu ruwa bayan gina Tiga da Challawa, ko da yake a can ba gishiri ne ya tsare ta a da ba, bushewar rani ce.

Ƙasa da madatsar kuwa abin ya juya. Ruwan daɗi ya daina isa fadamun Diyawling da ke gefen Muritaniya, ƙasa ta yi fari fat da gishiri, itatuwa suka mutu, masunta suka watse. An mai da yankin gandun daji cikin 1991, kuma daga 1994 aka fara sakin ruwa ta ƙofofi a daidai lokacin da ambaliya ta saba zuwa. Kifi ya dawo, ciyawar da mata ke saƙa tabarma da ita ta sake tsiro. Watau sai da aka kashe kuɗi aka kwaikwayi abin da kogin yake yi da kansa. A gonakin shinkafa ma gishiri ya ɓullo ta wata hanya. Shekaru dubbai da suka wuce teku ta taɓa rufe wannan yanki, ta bar gishiri a cikin ƙasa. Inda aka yi ban ruwa ba tare da magudanar fitar da ruwa ba, sai ya taso sama, manomi ya bar gonar bayan 'yan shekaru.

Ba za a ce madatsun ne kaɗai suka haddasa rikicin 1989 tsakanin Sanagal da Muritaniya ba, amma sun ɗaga darajar ƙasar kwarin a idon masu kuɗi da masu iko. Faɗan makiyaya da manoma a Diyawara cikin Afrilu na shekarar ya kai ga kashe-kashe a Dakar da Nuwakshot, aka kori dubun dubatar baƙaƙen fata daga Muritaniya, ƙasashen biyu ba su mai da hulɗa ba sai 1992.

Shekara ta 2003 ta zo da akasin fari. A watan Oktoba ruwa ya yi barazanar cinye San Luwi, hukuma ta sa aka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a siririn yashin da ya raba kogin da teku, kudu da birnin, don ruwa ya fita da sauri. Birnin ya tsira. Amma teku ta kama bakin hanyar tana ci, cikin 'yan shekaru faɗinta ya koma kilomitoci. Mutanen ƙauyen Dun Baba Jey suka tashi suka bar gidajensu, rijiyoyin Ganjol, inda ake noman albasa da kayan lambu, suka yi zartsi.